Ɗinka tufafin matan Turai na farkon ƙarni na 19: tambayoyi da amsoshi

Duk wadda ta ga hoton doguwar rigar nan mai ƙugu a ƙarƙashin ƙirji takan ce ai wannan ɗinkin yini ɗaya ne. Sai an ɗora almakashi a kan yadi ake gane akwai magana. Waɗannan su ne tambayoyin da masu fara irin wannan ɗinki suka fi maimaitawa, ko don wasan kwaikwayo suke yi, ko don nazarin tarihin sutura, ko don sha'awa kawai. Da mata nake magana saboda su suka fi tambaya, amma teloli maza ma abin ya shafe su.

Wane zamani ake nufi, kuma a wace ƙasa?

Ana nufin yayin da aka yi a Ingila da Faransa, da ƙasashen da ke kwaikwayonsu kamar Amurka, daga wajejen 1795 zuwa 1820. A Ingila ana ce wa zamanin Rijensi, saboda daga 1811 zuwa 1820 ɗan Sarki George na Uku ne ya riƙe masa sarauta, uban ba shi da lafiya. A Faransa kuwa da daular Napoleon ake danganta yankan, shi ya sa har yau teloli ke cewa yankan Amfaya, wato yankan daula. Don ki auna nisan lokacin: 1804, shekarar da aka naɗa Napoleon sarki, ita ce shekarar hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu.

Siffar rigar ita ce ƙugu a sama daf da ƙirji, ɗan guntun saman riga, da siket mai zubowa a miƙe. Daga 1820 ƙugun ya riƙa sauka a hankali, kafin 1830 ya kusa komawa inda Allah ya ajiye shi, hannaye kuma suka kumbura.

Akwai ainihin takardun yanka da suka rage daga wancan lokaci?

Irin waɗanda ake sayarwa a ambulan, kowane jiki da lambarsa, babu su a lokacin. Sai a 1863 wani tela mai suna Butterick ya fara sayar da irinsu a Amurka. Kafin nan maɗinkiya takan warware tsohuwar rigar da ta zauna wa mai ita daidai ta kwafa, ko ta ɗora shafi a jikin mai rigar ta kafe da fil ta yanka a nan take.

Saboda haka abin da ake kira zanen yanka na zamanin iri biyu ne. Akwai 'yan littattafan koyar da ɗinkin gida, kamar The Lady's Economical Assistant na 1808 da The Workwoman's Guide na 1838, waɗanda suka fi ƙarfi a kan kayan ciki da na yara. Akwai kuma zanen da masana suka fitar daga ainihin rigunan da ke gidajen tarihi, suka auna su gaɓa-gaɓa. Janet Arnold ta yi wannan aiki a littafin farko na Patterns of Fashion a 1964, Norah Waugh ma ta yi a The Cut of Women's Clothes a 1968. Yawancin takardun yankan da kamfanoni ke sayarwa yau daga irin wannan aiki suka samo tushe. In za ki sayi ɗaya, duba ko an faɗi rigar da aka kwafa da shekararta. Wanda bai faɗa ba, sau da yawa rigar zamani ce aka ɗage wa ƙugu.

Zanen da ke littafi ɗan mitsitsi ne. Yaya zan mayar da shi girman mutum?

Zanen Arnold a kan gidajen dara yake, kowane ƙaramin gida a madadin inci ɗaya, wato an rage girman sau takwas. Ki samu babbar takarda, ko ki haɗa jaridu, ki ja layuka tsaye da kwance tsakaninsu inci ɗaya-ɗaya, sannan ki bi gida-gida kina sa ɗigo inda layin zanen ya ratsa, ki haɗa ɗigon. Mai buga takardu da kwamfuta ma zai iya faɗaɗa miki shi sau takwas, amma ki auna gida ɗaya da tef kafin ki yarda.

Abu biyu ake mantawa. Zanen ba shi da rarar ɗinki, ke za ki ƙara. Sannan abin da kika faɗaɗa awon wata mace ɗaya ce da ta rayu shekara ɗari biyu da suka wuce, ba naki ba. Don haka kada yadin kirki ya ga almakashi sai kin yi gwaji da akoko ko tsohon zanen gado, a kan kayan cikin da za ki sa rigar da su. In za ki ƙara faɗi, ki ƙara a gaba da gefe, ki bar tsakiyar baya yadda take. Dalilin yana cikin amsar da ta shafi matsewar baya.

Na ga awo da "nail" a tsohon littafi. Mene ne shi?

Awon masu yadi ne na Ingila. Ɗaya inci biyu da kwata ne, kusan santimita 5.7. Huɗu su ne kwatan yadi, wato inci 9, goma sha shida kuma yadi guda. Ki yanki kwali ki zana awon a jikinsa, ya fi ki yi ta lissafi.

Da wace riga ya kamata in fara?

Ba da riga ba, da shimi. Ita ce ke taɓa fata, ita ke shan gumi, ita ake wankewa kullum don a huta da wankin ta sama. Da farin lilin ake yinta, tsawonta ya ɗan wuce gwiwa, wuyanta da faɗi, hannu gajere. Yankanta duk murabba'i ne da kusurwa uku: dogon ƙyalle na jiki, tsinin ƙyalle a kowane gefe don buɗa ƙasa, da ɗan murabba'i a hammata don hannu ya ɗagu. Wadda ta taɓa lura da yadda ake haɗa taguwa ko babbar riga ba za ta ga baƙon abu ba, hikimar ɗaya ce: yadi da tsada, ba a yarda a zubar da ko tafin hannu.

Bayan shimi sai koset, wato rigar ciki mai tauri da ake ɗaurewa da igiya, sai fatari, sannan riga. Na san jerin yana gajiyar da mai ɗokin ganin riga a jikinta. Ni ma rigata ta farko a kan rigar mama na auna ta, da na zo na ɗinka koset daga baya sai ƙugun rigar ya sauka ƙasa da inda ya kamata, dole na warware saman gaba ɗaya. Shimi kuma ita ce makarantar ɗinkin hannu, layukanta a miƙe suke, kuskure a cikinta ba mai gani.

Koset ɗin dole ne? Ba zai hana ni numfashi ba?

In siffar zamanin kike so, dole ne. Sai dai ki cire wa ranki koset ɗin amaren yanzu da na zamanin Sarauniya Victoria, masu matse ciki. Wannan ba ruwansa da ƙugu, tunda ƙugu ba ya ma fitowa a rigar. Aikinsa ya ɗaga ƙirji sama ya raba shi, ya miƙar da baya. Akwai gajere mai tsayawa a haƙarƙari, akwai dogo mai sauka har kwatangwalo. Dogon yana da aljihu a tsakiyar gaba inda ake zura wani siririn katako mai faɗin kamar yatsu biyu, shi ke hana rigar naɗewa in an zauna. Ga mai jiki, dogon ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Ƙarfinsa ya fi zuwa daga yadi mai kauri ninki biyu da igiyoyin auduga da ake zurawa tsakanin layukan ɗinki. Wurin ƙirji tsagawa ake yi a sa ƙyalle mai kusurwa uku, biyu a kowane ɓangare, kuma a nan duk wahalar awon take: in sun yi zurfi ƙirji ya nutse, in sun gaza ya tumbatsa. Ramukan igiyar baya da hannu ake yi. Ki huda da tsinke mai kauri don zaren yadin ya buɗe ba tare da ya tsinke ba, ki zagaye ramin da zare. Ramukan ƙarfe sai a ƙarshen shekarun 1820 suka shigo.

Wane yadi suka yi amfani da shi, kuma me zan samu a madadinsa?

Sarkin yadin zamanin shi ne musilin, farar auduga shara-shara. Mafi kyawunta daga Dhaka ta ƙasar Bengal ake kawowa, saƙar hannu, kafin masaƙun injin na Ingila da Sikotilan su cika kasuwa da kwaikwayonta, sana'ar masaƙan Dhaka ta durƙushe. Audugar da injinan ke ci kuwa, kaso mai yawa bayi ne suka nome ta a kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan. Ina ganin ya kamata mai ɗinka farar rigar nan ta san wannan, don yana cikin tarihinta kamar yadda yankanta yake ciki.

A kasuwa ki nemi boyel na auduga zalla marar sheƙi, ko kowace auduga marar nauyi da in kin dunƙule ta a hannu za ta bi hannun. A manyan kasuwannin yadi irin Kantin Kwari ba a rasawa, sai dai a yi haƙurin dubawa. Ki roƙi ɗan ƙyalle ki ƙona bakinsa: auduga da lilin kan bar toka mai laushi da warin takarda, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Shadda ta cika tauri da ƙyalli, atamfa kuma zanenta ya yi girma. Na fita da dare siliki ne marar nauyi, na sanyi ulu. Rigar yini mai dogon hannu takan ci yadi 5 zuwa 6 in faɗinsa inci 45 ne. Ki wanke auduga da lilin ki goge kafin yanka, don sukan shige.

Fari kawai suke sawa?

A'a. Fari ya yi yawa a hotuna saboda alamar wadata ne, sai mai masu wanki ke iya zama da shi. Matan da ke aiki audugar da aka buga wa ƙananan furanni ko ɗigo ko ratsi suke sawa, sau da yawa a kan ƙasa mai duhu da ba ta nuna dauɗa. Akwai shuɗin baba, rawaya, ruwan ƙasa, kore, da wani ja mai ƙarfi da ake dangantawa da Turkiyya. A fadar Faransa Napoleon ya matsa a sa silikin Lyon don masaƙan ƙasarsa su samu ciniki. Abin da za ki guje wa shi ne launukan rinin kemikal masu kashe ido, don sai a 1856 wani ɗan Ingila mai suna Perkin ya gano na farkonsu.

Bayan rigar ya fito a matse, ramin hannu kuma ya shiga baya. Kuskure ne a zanen?

Ba kuskure ba ne, kuma ina roƙonki kada ki gyara shi. Nan ne ran rigar yake. Ƙyallen tsakiyar baya ɗan ƙarami ne, ɗinkin kafaɗa ba ya kan kafaɗa, ya zame baya, ɗinkin gefe ma ya baro hammata ya lanƙwaso zuwa tsakiya. Su suke haɗuwa su ba da siffar nan mai kama da lu'ulu'u da ake gane rigar zamanin da ita tun daga nesa. Ƙyallen gaba shi ke zagayowa ta ƙarƙashin hannu ya tarar da su.

Tunda ramin hannu ya ci baya, kan hannun rigar ma dole ya fi tsawo ta baya, kuma a can yawancin tattarar take taruwa. Tela da ya saba da rigar zamani zai ga kamar an juya hannun, ya so ya daidaita shi. In ya yi haka rigar za ta ja in an miƙa hannu gaba. Yadda ake sawa: a fara ɗinka rabin ƙasa na hannun, a sa rigar a jiki, sannan wani ya tattara saman ya kafe da fil yana kallon yadda yake zubowa. Wannan aikin mutum biyu ne. In har yanzu baya na damun ki, koma ga amsar koset, don yankan ya ɗauka kafaɗunki a buɗe suke, ba a ranƙwafe ba.

Me ya sa siket ɗina ya sa na yi kamar mai juna biyu?

Kin raba tattarar daidai ko'ina. Gaban siket kusan a shafe yake, gefe ma haka, sai a tara yawancin yadin a 'yan incin tsakiyar baya. Tattarar kuma ƙanana ce ƙwarai, a ja zare biyu, a bi kowane ninki da bakin allura a kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa. Wasu rigunan suna da ɗan matashi kamar yatsa a cikin ƙugu ta baya, don kada siket ya faɗa kwarin baya.

Wajejen 1800 siket ƙyallaye ne miƙaƙƙu, da jela mai jan ƙasa. Bayan 1810 aka fi yanka na gefe da faɗi a ƙasa, tsawo ya ɗage zuwa idon sawu, ado ya taru a bakin ƙasa. Fatari marar nauyi mai ɗamara a kafaɗa yana hana siket shiga tsakanin ƙafafu.

Ba zif, ba roba. To da me ake rufe rigar?

Da zariya da fil, galibi. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi siririyar ƙubaka a wuya da ƙugu, a zura zariya, a ɗaure a baya. Tana da daɗi ga mai fara koyo, don tana bin jiki ko an ƙara ƙiba ko an rame. Akwai kuma mai buɗewa ta gaba, wadda mace ke sawa ba tare da mai taimako ba: shafin lilin yana da fukafukai biyu da ake haɗawa a ƙirji da fil, gaban siket a tsage yake ta gefe biyu ana ɗaga shi a ɗaure da igiya ta zagayo jiki, sannan a ɗago ƙyallen ƙirji a kafe shi a kafaɗu. Ƙananan maɓallai da ƙugiyoyi a baya sun ƙara yawa a shekarun 1810. Fil ba abin tsoro ba ne, koset ke tsakaninsa da fata.

Zan iya yi da keken ɗinki?

A zamanin babu keke. Thimonnier ya yi rajistar nasa a Faransa a 1830, Howe a Amurka a 1846, Singer ma a can a 1851, don haka kowace rigar da muke magana a kai allura da yatsa suka yi ta. In lokaci ya ƙure, ki yi dogayen layukan siket na ciki da keke, ki yi duk abin da ido zai gani da hannu: kalmasa, wuya, ƙubaka, da layukan baya.

Amma zan faɗi ra'ayina. Yankan an yi shi ne don hannu, kuma wasu wuraren sun fi sauƙi da hannun. Layukan bayan nan masu lanƙwasa, maimakon a kifa ƙyalle biyu a bi da keke, ninke bakin ɗaya ake yi a ɗora kan ɗayan a ɗinke ta sama, kina ganin abin da kike yi. Ɗinki huɗu sun ishe ki: na tafi-gaba don siket, na koma-baya don inda ke shan ja, kalmasa, da naɗin baki don shara-shara. Ki yi su ƙanana, kamar takwas zuwa goma a inci. Ki goga wa zaren lilin kakin zuma don kada ya yi ta ƙullewa. Zaren auduga ma bai saɓa wa zamanin ba, a garin Paisley na Sikotilan iyalin Clark sun fara sayar da shi wajejen 1812.

Yadina bai isa ba. In yi haɗi, rigar ta lalace?

Ko kaɗan. In kika duba rigunan da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, ko Metropolitan a New York, waɗanda hotunansu ke intanet kyauta, za ki ga haɗi a hammata, a kan hannu, a kusurwar siket, har a rigunan siliki na masu hali. Silikin lokacin ma siriri ne, faɗinsa bai fi inci 20 da 'yan kai ba, dole siket ya zama ƙyallaye da yawa. Sharaɗin kawai tsayuwar zaren ƙyallen haɗin ta bi ta wanda aka haɗa shi da shi.

Rigar ba ta cika bayyana jiki ba? An ce har jiƙa ta suke yi.

Maganar jiƙa riga don ta manne a jiki ta fi kama da tsegumi da zanen barkwanci na lokacin, kada ki gina komai a kanta. Buɗaɗɗen wuya da gajeren hannu na taron dare ne. Da rana mace takan sa dogon hannu, wani har ya rufe bayan tafi, ta cike wuyan da 'yar farar rigar ciki mai kwala wadda ba ta da hannu, ko ta yafa ƙyalle mai kusurwa uku ta cusa bakinsa a ƙirji. Matar aure takan sa farar hular yadi ko a cikin gida, in za ta fita ta ɗora malfa. Rawani irin na mata ma ya yi tashe. Wadda ke son suturta jikinta sosai ba sai ta ƙirƙiro komai ba, ta zaɓi kayan rana na wajejen 1815, ta yi fatari mai kauri.

Me ake ɗorawa a sama?

Sifensa, wata 'yar kwat mai dogon hannu da ke tsayawa daidai ƙugun rigar, wadda ta samo suna daga wani basarake, Earl Spencer. Sai felis, doguwar kwat mai bin yankan rigar. Felis ɗin siliki mai ruwan ƙasa da zanen ganyen itacen oak, wadda ake dangantawa da marubuciya Jane Austen, tana nan a ajiye a Hampshire ta Ingila. Mayafin Kashmir shi ne abin alfahari, masaƙan Paisley da Norwich suka yi ta kwaikwayonsa. Da yake siririyar riga ba ta ɓoye aljihun da a da ake ɗaurawa a ƙugu, sai 'yar jakar hannu mai zariya ta samu shiga. Sifensa ta fi dacewa da aiki na biyu bayan riga, tunda a kan zanen saman rigar za ki fitar da ita, ki ɗan ƙara sarari.

Zan iya ɗaukar hannun wannan riga in haɗa da siket ɗin waccan?

Za ki iya, muddin shekarunsu sun yi kusa. Ki zaɓi shekara ɗaya, ki ce 1812, ki tara hotunan riguna na shekara biyu kafinta da biyu bayanta. Mujallun yayi na lokacin suna da kwanan wata a jikin zanensu: La Belle Assemblée ta fara a 1806, ta Ackermann a 1809, Journal des Dames et des Modes ta Faris tun 1797. Sai dai mai zane yakan ƙara wa mace tsawo ya ƙawata abin da babu mai sawa. Ki ɗauki launi da ado daga mujalla, ki ɗauki yanka da ɗinki daga ainihin riga. In kin ga jela mai jan ƙasa tare da bakin siket mai tarin ado, an haɗa 1800 da 1818 ke nan. Amsar siket ta yi bayanin bambancin.

Yaya zan wanke ta in ajiye?

Shimi da fatari ki wanke su duk sawa. Farar rigar auduga da hannu, a ruwa mai ɗumi, ba murɗawa, ki kwance zariyoyin tukuna don tattarar ta buɗe ta bushe da wuri ta yi sauƙin guga. Sitati kaɗan ya isa. Koset a zare katakon a shanya shi ya sha iska, wanki sai ya zama dole. Siliki da ulu a goge tabo kawai. Wajen ajiya ki ninke rigar ki kwantar a akwati cikin tsohon farin zane, don in ta daɗe a rataye nauyin siket yakan ja ɗan guntun saman har ɗinkin ƙugu ya buɗe. Ki cire kowane fil kafin ki rufe akwatin, musamman da damina, saboda tsatsa da wuya take fita daga farin yadi.